Ɓurɓushin roba, dalma da kayan lambun Kubanni: me binciken jami'o'i ya tabbatar?

Tambaya: Wata malamar firamare daga Tudun Wadan Zariya, uwar 'ya'ya huɗu, ta rubuto cewa kusan kullum sai an turo mata saƙo a waya wai masana a wata jami'a sun gano guba a cikin abin da iyalinta ke ci ko sha. An ce an samu ɓurɓushin roba a jinin mutane har da ƙwaƙwalwarsu, an ce kayan lambun da ake nomawa a bakin rafin Kubanni na ɗauke da ƙarafa masu cutarwa, an kuma ce ruwan leda na jawo ciwon daji. Tana son sanin wanne ne gaskiya, kuma ko ya kamata ta daina sayen alayyafo da latas da ruwan leda.

Amsa: Malama, Allah ya saka miki da alheri, ya raya miki zuri'a. Kada ki daina ba yaranki ganye, domin amfaninsa a jikinsu tabbatacce ne, kuma akwai hanyar rage haɗarin da ke tattare da shi wadda zan zo kanta. Abin da nake so ki riƙe shi ne, abubuwan da bincike ya fi tabbatar da illarsu ga yaran yankinmu tsofaffi ne kuma suna cikin gidajenmu: dalma, gubar funfunar masara da gyaɗa, maganin ƙwarin da ake zuba wa wake, hayaƙin murhu, da ruwan da najasa ta gurɓata. Su ne suka cancanci kaso mafi tsoka na damuwarki da na kuɗinki, ko da yake ba su ne suka fi yawo a waya ba.

Duk lokacin da aka ce miki "an gano" wani abu a abinci, ki sani wannan kalma ita kaɗai ba ta isa hujja ba. Na'urorin awo na zamani suna iya ganin abin da bai kai kashi ɗaya cikin miliyan ba. A nan Jami'ar Ahmadu Bello, Cibiyar Bincike da Horarwa kan Makamashi tana da ƙaramar tukunyar nukiliya ta bincike tun 2004, wadda da ita ake iya tantance sinadarai irin su arsenik da kuromiyam a cikin ɗan ƙanƙanin ƙasa ko busasshen ganye. Da irin wannan na'ura, kusan babu abin da za a auna a rasa ɗan wani ƙarfe a ciki, domin ƙasar da muke nomawa ita kanta da ƙarafa aka halicce ta. Abin da mai hankali zai tambaya shi ne nawa aka samu, nawa ne daga ciki ke shiga jikin mutum a irin cin da muke yi, sannan ko an bi mutanen da suka ci an ga cutar ta fi yawa a cikinsu. Kanwar da ke sa wake ya nuna da wuri ita ce za ta kwantar da mutum idan ya dirka ta da yawa.

Tarihin garinmu ma ya koya mana cewa sakamakon bincike yana iya sauyawa idan aka sake dubawa da kyau. A shekarun 1970, likitocin asibitin koyarwa na Zariya, Davidson da Parry, sun bi mata 224 da zuciyarsu ta kasa aiki bayan haihuwa, suka wallafa sakamakon a 1978. A lokacin an ƙiyasta cewa cutar na kama kusan mace ɗaya cikin kowace haihuwa ɗari a yankin, adadin da ya girgiza likitocin duniya, kuma aka ɗora alhakin a kan wankan jego da ruwan zafi, kwanciya a gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi, da shan kunun kanwa. Wannan bayani ya shiga littattafan likitanci, aka yi shekaru ana koyar da shi. Daga baya likitocin zuciya na Najeriya, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Kamilu Karaye na Jami'ar Bayero, suka tattara bayanan ɗaruruwan mata daga asibitoci da dama, suka kwatanta su da matan da suka haihu lafiya. Sakamakon da suka fitar a 2020 ya nuna cewa abubuwan da suka fi alaƙa da cutar su ne rama, hawan jinin masu ciki, rashin ilimin boko da rashin sana'a, yayin da wankan jego da kunun kanwa ba su fito a matsayin sanadi ba. Wani bincikensu a Kano kuma ya nuna ƙarancin sinadarin seleniyam a jinin akasarin masu cutar. Likitocin farko ba ƙarya suka yi ba, abin da suka gani suka rubuta. Sai dai da yake kusan kowace mai jego a lokacin tana wanka tana shan kunu, da wuya a raba al'adar da talaucin da ke tare da ita.

Da wannan ma'auni za mu duba maganar roba. Gaskiya ne an same ta a jikin mutane. A 2022 masana a wata jami'ar birnin Amsterdam sun auna jinin mutum 22, suka samu ɓurɓushin roba a 17. A farkon 2024 masu bincike a Jami'ar Columbia ta Amurka sun ƙirga kimanin ƙwayoyin roba 240,000 a lita ɗaya ta ruwan gora, akasarinsu ƙanana ƙwarai. Binciken da ya fi ɗaukar hankalin likitoci shi ne na Italiya a watan Maris na 2024, inda aka bi mutum 257 da aka yi wa aikin cire kitsen da ya toshe jijiyar wuyansu. An samu roba a kitsen fiye da rabinsu, kuma cikin kusan shekara uku waɗannan sun ninka sauran sau huɗu da rabi wajen bugun zuciya, shanyewar ɓarin jiki ko mutuwa. Wannan abin lura ne, ban raina shi ba. Amma mutanen tsofaffi ne marasa lafiya tun asali, kuma binciken ya nuna abu biyu sun zo tare ne kawai, bai nuna ɗaya ya haifar da ɗaya ba. Na ƙwaƙwalwa kuwa, wanda Jami'ar New Mexico ta fitar a 2025, wasu masana sun soki hanyar awonsa, domin na'urar tana iya ɗaukar kitsen jiki a matsayin roba, ƙwaƙwalwa kuma cike take da kitse. Babu binciken da ya tabbatar cewa ruwan leda yana jawo ciwon daji. Abin da aka sani shi ne zafi yana ƙara sakin sinadaran roba, saboda haka ya dace a rage ƙulla tuwo mai zafi a leda, da dafa alala a cikinta, da juye koko yana tururi a farar leda, da barin jakar ruwa tana gasuwa a rana. Ganye da gwangwani da kwanon samira sun wadatar.

Dalma ita ce ta fi tsaya mini a rai, kuma a kanta babu jayayya tsakanin masana. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadinta a jinin yaro da za a ce ba ya cutarwa, wato ita kam ƙa'idar kanwa ba ta hau kanta ba. Jiki yana ɗaukar ta kamar sinadarin gina ƙashi ne ko na ƙarin jini, sai ya shigar da ita ƙwaƙwalwa da ƙoda, ya adana saura a ƙashi na tsawon shekaru. Idan mace ta samu ciki, wadda ke ƙashinta takan dawo cikin jini ta isa ga ɗan tayi. Hanjin ƙaramin yaro yana tsotse ninki huɗu zuwa biyar na abin da na babba zai tsotse, kuma yaron da ke fama da yunwa ko ƙarancin jini ya fi kowa tsotsa.

Mu 'yan Arewa mun ga ƙarshen illarta da idonmu. A 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitocin sa-kai ta MSF suka lura yara na ta mutuwa da jijjiga a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, irin su Dareta da Yargalma da Abare da Bagega. Duwatsun zinaren da ake haƙowa suna ɗauke da dalma mai yawa, ana kawo su cikin gida ana niƙawa a injin niƙa, ana dakawa a turmi, ana shanya garin a tsakar gidan da yara ke rarrafe. Binciken gida-gida da aka yi a ƙauyuka biyu ya nuna cewa ɗaya cikin huɗu na yara 'yan ƙasa da shekara biyar ya rasu cikin shekara guda, kuma kashi 97 cikin ɗari na waɗanda aka auna jininsu sun kai ko sun haura maikirogiram 45 na dalma a kowace desilita (kashi ɗaya cikin goma na lita) ta jini, matakin da ake fara ba da maganin fitar da dalma. Yara fiye da 400 suka rasu. An koyi darasi mai tsada a can: maganin ba ya amfani idan yaro zai koma cikin ƙurar da ta kwantar da shi, sai da aka kankare ƙasar saman tsakar gidaje aka zuba sabuwa. A 2015 abin ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, yara 28 suka tafi.

Wadda ta fi yawa a garuruwa irin namu ita ce mai cin yaro a ɓoye, ba jijjiga ba zazzaɓi, sai dai ki ga yaro a ajinki ba ya riƙe karatu, ba ya natsuwa, a yi ta dukansa ana kiransa daƙiƙi. Rahoton UNICEF da ƙungiyar Pure Earth na 2020 ya ƙiyasta cewa kusan yaro ɗaya cikin uku a duniya, wajen miliyan 800, yana da dalma a jini da ta kai maikirogiram 5 ko fiye. Wani nazarin masana Bankin Duniya da aka wallafa a 2023 ya danganta mutuwar manya miliyan biyar da rabi a 2019 da cututtukan zuciya da jijiyoyin jini masu nasaba da dalma. Wannan ƙiyasi ne na lissafi, ana iya gardama kan girmansa, amma ba a kan alkiblarsa ba.

Tunda an daina sa dalma a fetur ɗin motoci a duk duniya a 2021, hanyoyin da suka rage mata zuwa gidanki ƙalilan ne kuma ana iya tare su. Na farko kwalli. A 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton wani jariri ɗan wata shida, ɗan asalin Najeriya, a birnin Boston, wanda aka samu dalma a jininsa. Da aka bi diddigi sai aka tarar kwallin da ake sa masa ne, aka auna shi aka ga kusan kashi 83 cikin ɗari dalma ce. Na san matsayin kwalli a al'adarmu da addininmu, kuma ba sukar sunna nake yi ba. Matsalar ita ce dutsen nan mai walƙiya da ake niƙawa a sayar da sunan kwalli sau da yawa dutsen dalma ne, kuma ido ba ya bambancewa. Jariri yana murza ido ya kai hannu baki. Shawarata ita ce kada a sa wa jarirai da ƙananan yara kwallin da ba a san asalinsa ba, ko da kaka ce ta kawo. A yi mata bayani cikin ladabi. Sai tukwanen da ake zubawa daga tarkacen alminiyam na 'yan gwangwan, waɗanda akan narka har da sassan injin mota. Masana daga Jami'ar Ashland ta Amurka tare da abokan aikinsu a Kamaru sun nuna a 2014 cewa irin waɗannan tukwane suna sakin dalma cikin abinci, musamman mai tsami. Idan su gare ki, kada miyar yakuwa ko ta tumatir ko kunun tsamiya su kwana a ciki, a juye da zarar an sauke. Sai kuma fasa tsohon batir da narka dalmarsa, sana'ar da ke ƙaruwa yanzu da batiran sola suka yawaita. Magidancin da ke wannan aiki yana kawo ƙurar gida a rigarsa da takalminsa, saboda haka ya sauya kaya ya yi wanka kafin ya ɗauki yaro, kuma kada a wanke kayan aikinsa tare da na iyali.

Wani aiki da Jami'ar Stanford ta yi a Bangaladesh ya nuna irin amfanin da bincike ke yi idan bai tsaya a takarda ba. Sun ga dalma a jinin mata masu ciki a karkara, suka bi sawunta har suka gano masu sarrafa kurkur ne ke shafa masa wani rini mai dalma domin ya yi kyau a ido. Bayan sun wallafa a 2019, hukumomin ƙasar suka shiga kasuwanni da na'urar awo suka ci tarar masu laifi, kuma samfuran kasuwa masu dalma suka faɗo daga kashi 47 cikin ɗari zuwa sifili a 2021.

Guba ta biyu tana cikin rumbu. Ƙasar Zazzau ƙasar masara ce, daga Giwa zuwa Soba zuwa Saminaka, ga gyaɗa kuma a ƙuli-ƙuli da kunu da miyar taushe. Akwai wata funfuna da ke zaune a ƙasa, wadda ke kama masara da gyaɗa idan fari ya wahalar da shuka, ko ƙwari suka huda ƙwayar, ko aka adana amfanin bai gama bushewa ba. Ita ke fitar da gubar da ake kira afulatoksin, wadda aka fara ganowa bayan da talotalo kimanin 100,000 suka mutu a Ingila a 1960 sakamakon cin tunkuzar gyaɗar da aka kai daga Burazil. Dafuwa ba ta kashe ta, suya ma haka. Idan ta yi yawa lokaci guda tana lalata hanta nan take, kamar yadda ya faru a Kenya a 2004 inda mutum 125 suka mutu bayan cin gurɓatacciyar masara. Idan kuwa kaɗan-kaɗan ake ci shekara da shekaru, tana jawo ciwon dajin hanta, kuma ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B haɗarin yana ninkuwa sau da dama. Wani bincike a Benin da Togo a 2002 ya nuna yaran da suka fi tsumburewa su ne suka fi yawan gubar a jini, kuma tana ƙaruwa daidai lokacin yaye, lokacin da aka koma ba yaro koko da kunun gyaɗa.

Abin farin ciki a nan shi ne maganin yana hannun manomi da uwargida. A ƙauyuka 10 na ƙasar Gini, waɗanda aka kwatanta da wasu 10, an gwada matakai masu sauƙi: tsince gyaɗar da ta lalace, shanya a kan tabarma maimakon ƙasa, tabbatar da ta bushe sarai, zubawa a buhun algarara, da ɗora buhunan a kan katako. Sakamakon da aka wallafa a 2005 ya nuna gubar da ke jinin mutanen waɗannan ƙauyuka ta gaza rabin ta maƙwabtansu. Cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan kuma ta samar da Aflasafe, wato dawa da aka lulluɓe da 'yar'uwar funfunar wadda ba ta fitar da guba. Ana watsa kilo 10 a hekta mako biyu zuwa uku kafin masara ta yi fure, sai marar gubar ta mamaye gonar, kuma gwaje-gwaje sun nuna raguwar gubar da kashi 80 cikin ɗari ko fiye. A ɗakin girki, idan kin auno gyaɗa ki baza ta a faranti ki tsince duk wadda ta yamutse, ta yi baƙi, ta yi kore-kore ko ƙwaro ya huda, ki zubar. Ƙwayoyi ƙalilan ne ke ɗauke da akasarin gubar. Abin da ke damuna shi ne wannan tsintacciyar gyaɗar ba a cika zubar da ita ba, ita ake sayarwa da araha a yi ƙuli-ƙuli, wanda kuma yara ne masu cinsa. Ba wa saniya ko akuya mai shayarwa ma ba mafita ba ne, domin gubar tana fita a nono. Sannan ki tabbatar kowane jariri ya samu allurar rigakafin ciwon hanta nau'in B cikin awa 24 da haihuwa, wadda take cikin jerin rigakafin yara a Najeriya tun 2004.

Wake kuwa matsalarsa daga hannunmu take. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan sinadarin dikulobos, wanda shi ne ke cikin Sniper da fiya-fiya, da wasu 'yan kasuwa ke yayyafa wa wake don kada ƙwaro ya ci. Turawa sun ƙi saye, mu muka ci gaba da ci. Jami'ar Purdue ta Amurka ta samar da buhu mai hawa uku, leda biyu masu kauri a ciki da buhu a waje, wanda idan aka ɗaure shi tam iska ke ƙarewa ƙwarin su mutu ba tare da ko ɗigon magani ba. Jarka mai murfi mai kyau da aka cika taf ita ma tana yin wannan aiki. Idan wake yana warin magani a kasuwa, ki bar shi. A ɓangaren gona, Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ta fitar da irin wake SAMPEA 20-T a ƙarshen 2019, wanda tsutsar da ke huda kwanson wake ba ta cin sa, abin da ke rage feshi daga sau shida zuwa takwas ya koma kamar sau biyu. Iri ne da aka sauya wa ƙwayar halitta, kuma akwai masu adawa da hakan. Ni dai a matsayina na mai kallon lafiyar manomin da ke feshi ba takunkumi ba safar hannu, ina ganin raguwar feshin riba ce babba.

Hayaƙin girki yana da darasi na daban. Hukumar Lafiya ta Duniya ta danganta mutuwar mutum kimanin miliyan 3.2 a 2020 da gurɓatar iskar cikin gida. Wani nazarin Jami'ar Stanford na 2018 kan haihuwa kusan miliyan ɗaya a ƙasashen Afirka 30 ya nuna duk ƙarin maikirogiram 10 na ƙananan ƙwayoyin ƙura a iska yana tafiya da ƙarin kashi 9 cikin ɗari na mutuwar jarirai, mu kuma ga hazon hunturu da ke taso mana daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi a kan hayaƙin itace. Amma da Jami'ar Emory ta jagoranci wani babban gwaji, aka raba wa rabin mata masu ciki 3,200 a Gwatamala da Peru da Indiya da Ruwanda murhun gas da gas kyauta, hayaƙin da suke shaƙa ya sauko zuwa kusan maikirogiram 24, na waɗanda ba a ba su ba kuma kusan 71, sai dai nauyin jariransu a haihuwa bai bambanta da na sauran ba, haka ma yawan ciwon huhu mai tsanani. Wannan ya ba masana da yawa mamaki. Fahimtata ita ce hayaƙi yana cutarwa, amma murhu guda ba ya isa ya ceci jariri idan iskar unguwa ta gurɓace, abinci bai wadata ba, rigakafi kuma bai cika ba. Saboda haka idan gas ya fi ƙarfin aljihu, kada ki ɗauka kin cuci yaranki. Ki yi girki a fili ko a madafi mai tagogi, da busasshen itace, ki sauke goyo ki ba wani ya riƙe a nesa da murhu, kada ki hura wuta da leda ko tsohon silifa, kuma kada a shiga da gawayi ɗakin kwana a rufe ƙofa da hunturu, domin wannan yana kisa a dare ɗaya.

Kayan lambun Kubanni da Galma, waɗanda su ne asalin tambayarki, suna buƙatar adalci ga ɓangare biyu. Kubanni yana ratsa gari, yana kwasar ruwan kwatoci da na juji da na garejin kanikawa kafin ya haɗu da Galma, kuma da rani, lokacin da ruwan ya ja baya ƙazantar ta taru, shi ne lokacin ban-ruwa. Malamai da ɗaliban jami'a sun daɗe suna auna ƙasar fadamun da ganyayen, kuma ba abin mamaki ba ne a samu dalma ko kadmiyam a wasu samfuran sama da iyakar da aka gindaya wa ganye, wato miligiram 0.3 na dalma da 0.2 na kadmiyam a kowane kilo. Sai dai yawancin irin wannan aiki samfura kaɗan ne daga wuri ɗaya a lokaci ɗaya, kuma akwai kuskuren da nake yawan gani, na auna busasshen ganye a kwatanta da iyakar da aka sa wa ɗanye, alhali ganye kusan kashi 90 cikin ɗari ruwa ne, sai adadin ya kumbura kusan ninki goma. Irin wannan bincike yana nuna inda ya kamata a sa ido, bai kai a ce a ƙaurace wa lambun gari gaba ɗaya ba, balle a kashe wa talakan manomi kasuwa.

Haɗarin da ya fi kusa a ganyen da aka shayar da ruwan kwata shi ne ƙwayoyin cutar taifod da kwalara da ƙwan tsutsar ciki. Alayyafo da rama da zogale da ake dafawa ba su da wannan matsala sosai. Latas da kabeji da karas da ake ci ɗanye su ne abin kula: a cire ganyen waje, a wanke ɗaya bayan ɗaya da ruwa mai tsabta har sau uku, a feƙe karas. Wankin nan yana rage ƙarafan ma, domin kaso mai yawa na dalmar da ke kan ganye ƙura ce da ƙasa da suka manne a bayansa. Ki riƙa sauya wurin saye da irin ganyen, kada iyali su dogara da lambu guda shekara da shekaru. Ruwan leda kuma ki duba lambar NAFDAC da tsabtar ledar, domin ana sa ta a baki; idan ruwan rijiya ko na 'yan garuwa kike sha, tafasawa ko sa sinadarin kulorin ya fi duk wata damuwa kan roba muhimmanci, musamman da damina a unguwannin da masai ke kusa da rijiya.

Mu ma na jami'a akwai hakki a kanmu. Ɗalibi zai je fadama ya roƙi manomi ya ba shi ganye da ƙasa, ya auna, ya samu digirinsa, kundin ya hau kanta, manomin kuma ba zai taɓa jin abin da aka samu a gonarsa ba, balle a gaya masa da Hausa cewa ya haƙa 'yar rijiya a gefen fadama ta fi masa jan ruwa kai tsaye daga bakin kwata. Kuma mun fi yawan auna ganye da ƙasa saboda sun fi sauƙi da araha, alhali awon da zai raba gardama shi ne na jinin yaran da ke cin ganyen. Idan a gidanku ko maƙwabtanku akwai mai fasa batir, ko mai zuwa haƙar zinare, ko an daɗe ana sa wa yaro kwalli, musamman idan yana fama da ƙarancin jini ko ciwon ciki da ba a gano dalilinsa ba ko jinkirin magana, ki kai shi wurin likitan yara ki faɗa masa wannan tarihin ƙarara, ki nemi a auna dalma a jininsa. Ba kowane ɗakin awo ke yin sa ba, amma likitocin yara na asibitin koyarwa da ke Shika za su iya nuna miki inda ake yi.